Lallen Hannun Hagu

A cikin mako biyu gwamnati ta ƙirga ni sau uku, a garuruwa uku, da suna uku, kuma duk cikinsu babu wanda Baba ya yanka mini rago a kansa. Sunana Lubabatu, ana ce mini Luba. Tsofaffi suna ba da labarin wahalar zuwa Makka a ƙasa, ina saurare ina girgiza kai don ladabi, amma a raina na san ba su taɓa shiga bayan motar Kawu Nomau ba.

Abin da ya fitar da ni daga gida ba shi da tsawo. Hadarin farko na damina ya kwashe rufin ajinmu na shida, ya kai shi gonar mai gari. Hedimasta ya tafi sakatariyar ƙaramar hukuma neman kwano. Suka ce masa kuɗin ilimi tun daga sama ake yanke shi daga kasonsu a miƙa wa ofishin ilimi, don haka ya je can. Ya je ofishin ilimi, suka ce abin da ake yankowa ko albashin malamai ba ya isa, gini kuwa aikin masu karɓar harajin kasuwa ne, ya koma inda ya fito. Katanga ɗaya ce tsakanin ofisoshin nan biyu, amma hedimasta ya yi wata guda yana tafiya bai iso ba. Ba zan faɗi sunan ƙaramar hukumar tamu ba, domin ƙanen Baba masinja ne a can, kuma yana da 'ya'ya tara.

Ana cikin wannan jan igiya albashi ya tsaya, malamai suka koma gona, aka danna wa makaranta kwaɗo. Ni kuwa shekarar jarrabawar shiga sakandare ce, kuma an ce ƙarshen wata za a rufe karɓar sunaye. Baba ya ce idan ta bana ta wuce ni, to boko ya ƙare, in zauna in taya Inna matsar man gyaɗa. Ni da turmin gyaɗa kuwa ko a mafarki ba ma gaisawa.

Kawu Nomau ba kawuna ba ne na jini. Direban a-kori-kura ne mai bin kasuwanni, kuma kowa Kawu yake ce masa, har tsofaffin da suka ga haihuwarsa. Shi ya ce wa Baba, “Malam, bar ni da wagga ɗiya. Hedimastocin ƙasar ga duk sun san ni. In ba ta samu Shinkafi ba, Zurmi na nan. In ta ƙi, in kai ta Kaura wurin goggonta.” Lokacin shari'a ta fara aiki, 'yan kabu-kabu sun daina ɗaukar mata, babu wata hanyar fita sai motarsa.

Tun kafin mu kai Badarawa na fara zarginsa. Mutumin da ya ce ni kaɗai zai kai, sai ga shi yana tsayawa ƙauye-ƙauye yana ɗaukar 'yan mata kamar mai tara kaji ranar kasuwa. Muka zama mu shida. Ya jera buhunan albasa tsakaninmu da maza, ya ce shamaki ne na shari'a. Na tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya. Biyu an ce za a sama musu makaranta kamar ni, uku kuwa an ce wa iyayensu hijabi gwamnati ke rabawa kyauta. Ƙaramar cikinmu Jummai, 'yar aji biyar, idanunta kullum kamar hadari ya haɗo. Na raɗa mata cewa ƙetare iyaka za a yi da mu a sayar a Nijar, ni a ba da ni raƙumi biyu, ita kuma a ba da ita gyara. Ta yi kuka har Shinkafi. Na ji tausayinta, amma ni ma rabin maganar na yarda da ita.

Makarantar farko a wani ƙauye take bayan Shinkafi. Ba ta ƙofa aka shigar da mu ba, ta bayan ajujuwa aka zagaya da mu. Wani dogon hedimasta ya dube mu irin kallon da ake wa raguna ana gobe salla, ya miƙo mana shuɗayen hijabai masu warin ɓera.

“Ke, sunanki Hauwa'u Garba.”

“Malam, Luba nike.”

“Har azahar dai Hauwa'u kike.”

“Bayan azahar fa?”

“Allah ya kai mu.”

Aka zaunar da ni a aji. Yarinyar da ke kusa da ni ta matsa ta ba ni wuri, ta ce, “Ke ma 'yar haya ce?” A bakinta na fara jin labarin, sauran na haɗa shi daga baya. Ashe ciyamomi ne suka kai ƙara sama, wai ofisoshin ilimi suna ƙara yawan yara a takarda don a yanke musu kaso mai tsoka. Ofisoshin ilimi suka rantse cewa yaran sun ma fi haka yawa. Shi ne aka tura kwamiti ya bi makarantu yana ƙirga kawuna. Hedimastan da rajistarsa ta fi ajinsa cika kuwa, dole ya nemo kawunan da zai nuna. Mu ne kawunan.

Kwamitin mutum biyu ne a mota ɗaya, kowa yana kallon tagarsa. Na ɓangaren ƙananan hukumomi na sa masa suna Mai Jar Hula. In ya ga yaro sai ransa ya ɓaci, kamar daga aljihunsa za a ciyar da shi. Na ɓangaren ofishin ilimi kuma Mai Tabarau, wanda da za a ƙyale shi har ƙadangarun bango zai ƙirga.

Mai Jar Hula ya nuna wani yaro a baya. “Wancan bai kai shekarun aji shida ba.”

“Gajere na, Alhaji,” in ji Mai Tabarau. “Gidansu duk haka suke.”

“Ka san gidansu ke nan?”

“Na san gajeru.”

Mai Jar Hula ya zo da dabararsa, wata kwalbar shuɗiyar tawada wadda ba ta fita da wanki. Duk wanda aka ƙirga sai ya tsoma ƙaramin yatsansa na hagu, don kada a sake ƙirga shi a wani wuri. Maza da kansa yake damƙe wuyan hannunsu, ya juya, ya duba har ƙarƙashin farce. Da aka zo kanmu mata sai ya ja baya taku uku, ya sa hannuwansa a baya, ya ce kowacce ta ɗaga hannu daga inda take, ta zo ta tsoma da kanta. Zamani ne da namiji ke tsoron a ce an gan shi riƙe da hannun 'yar mutane. Na ɗaga, na tsoma, na amsa sunan Hauwa'u da murya mai daɗi.

Ana kiran azahar aka karɓe hijaban. Na bi hedimasta har ofis na ce ya rubuta ni.

“Rajista ta cika.”

“Malam, da mun tashi benci uku babu kowa.”

“Rajista na ce ta cika, ban ce aji ba.”

Da na fito na tarar da Kawu yana cusa wata jarka, ladan kawo mu, ƙarƙashin buhunan albasa. Warin fetur har ya danne na albasa. Na tambaye shi mene ne, ya ce ruwan alwala ne.

A cikin Shinkafi ya sauke mu gidan wata tsohuwa mai yin ƙunshi, Iya Yalwa. Kwana biyar muka yi. Ban yarda da ita ba ko kaɗan. Duk abincin da ta kawo sai na sa Jummai ta fara ci, in jira in ga ko za ta faɗi. Ba ta taɓa faɗuwa ba, sai ma ƙiba da ta fara yi, ni ina ramewa. Tawadar nan kuwa mun goge ta da toka, da yashi, da lemon tsami, ta ce tana nan.

Ranar Alhamis Iya ta aike ni kasuwa sayen kanwa. Ban taɓa ganin shanu da raƙuma masu yawan haka ba, na ɗauka duk dabbobin duniya aka kira taro. A bakin kara ga masu yankan rasit, kowace dabba ta wuce sai an yage mata takarda. Na tsaya ina lissafin cewa da za a ba ni na awa ɗaya, da na rufe ajinmu har da barandar da ba mu taɓa samu ba. Na tambayi ɗayansu, “Malam, kuɗin ga ina yake zuwa?” Ya ce, “Sama.” Na ɗaga kai na duba, ban ga komai ba sai shirwa.

Da yammacin ranar ne maƙwabta suka ɗora suyar ƙuli-ƙuli. Ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni a gindin turmi. Abin da na tsana a duniya, abin da na gudo dominsa, shi ya sa na ga Inna a idona, ta ɗaure ƙugu tana juya tunkuza tana yi mini faɗa. Hawaye suka zubo. Na ce wa Jummai ragowar albasar mota ce. Iya Yalwa ta miƙe. Ta fita, ta dawo da ƙuli mai zafi a gefen zanenta, ta zuba mini a cinya, ta koma kan tabarmarta. Wannan ban ba Jummai ta ɗanɗana ba.

Ana gobe za mu tashi Kawu ya kawo garin lalle a 'yar leda. Iya ta auna shi da ido.

“Nomau, wanga ba ya isar hannu goma sha biyu.”

“Shida za ki yi, Iya. Hagu kaɗai ake tsomawa, don mi zan sayi na dama?”

“Ka taɓa ganin mace da lallen hannu guda?”

“Su wa za su gani? Maza na. Ko kallon kirki ba su yi.”

Iya ta yi tsaki, ta kwaɓa. Ta lulluɓe mana yatsun hagu, ta zura kowane hannu cikin zunguru, muka zauna tun hantsi har la'asar kamar masu jiran ɗori. Da aka kwance, kan yatsun ya yi ja har ya koma baƙi. Tawada ta ɓace a ciki kamar ba a taɓa yin ta ba. Nan na gane dalilin da ya sa duk cikin 'yan hayar Kawu babu namiji ko ɗaya.

Daga Shinkafi zuwa Zurmi, hanyar kwalta ta Kaura take bi. Kawu ya ƙi ta, ya yanki daji, wai ta fi kusa. Na san dalilinsa: kada in ga Kaura in diro in nemi Goggo. Hanyar da ta fi kusa ta ci mana yini guda. Ramukanta sun jera mini hanji sabon jeri, abin da ke sama ya koma ƙasa. A wani gulbi motar ta kafe cikin yashi har ciki. Mazan da ke gaba suka sauka suna ba da shawara, mu shida muka tura. Wata Bafulatana da ke wucewa da ƙwarya ta tsaya, ta ba mu nono a ludayi ba ta karɓi komai ba. Da na miƙa hannu biyu zan karɓa, sai ta kalli hagu, ta kalli dama, ta kira abokiyar tafiyarta da Fulatanci, suka yi ta dariya har suka haye gulbin. Na ce wa Kawu ga abin da ya faru. Ya ce Fulani ba sa cikin kwamiti.

A makaranta ta biyu, wani ƙauye kusa da Zurmi, hijabin kore ne, sunana kuma Maryam Sani. Gaskiya a nan na fara jin daɗin aikin. Na ƙirƙiro wa Maryam ɗingishi da 'yar murya kamar ta sauro, har da tari. Kwamiti ya iso, mutanen nan biyu dai, fushinsu ya ƙara girma a hanya.

“'Yan mata sun yi yawa ƙasar ga kwana biyu,” in ji Mai Jar Hula.

“Wayar da kai muke yi, Alhaji.”

“Da kuɗinmu.”

“Da kuɗin yara.”

Da aka zo kaina na ɗingiso, na ɗaga hannun hagu, na dama yana cikin hijabi. Mai Jar Hula ya ƙanƙance ido daga inda yake.

“Wagga yarinya kamar na san ta.”

Mai Tabarau ya sauke tabaransa a hankali. “Alhaji, 'yan mata ka fara sani? A wanga zamani?”

Mai Jar Hula ya kama tari na gaske, ya ce in tsoma in wuce.

Azahar ta yi, aka karɓe hijabi, rajista ta cika, jarka ta shiga mota. Maryam ta mutu da ɗingishinta. Dariyar ta fita daga raina, domin na ƙirga kwanaki a yatsun da suka rage mini masu tsabta, na ga saura huɗu wata ya ƙare. Na sami Kawu yana wanke gilashi.

“Kawu, saura kwana huɗu.”

“Ke ke riƙe da kalandar gwamnati?”

“Zan hwaɗa wa Baba.”

“Ki hwaɗa mai mi? Makaranta biyu na kai ki. Kin zauna aji, an kira ki kin amsa.”

“Ba sunana anka kira ba.”

“To laifina na? Kaura babban gari ta, can za a dace. Je ki ƙara lallen.”

Da ragowar garin da Iya ta ƙulle mana muka sake yi da kanmu. Hannun hagu ya koma kamar gindin tukunya, na dama kuwa fari tas, kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Mun shiga Kaura, amma wucewa muka yi. Na ga layin dogo da idona, na san gidan Goggo Asabe yana bayan tashar jirgi, na buga jikin mota har hannuna ya yi zafi. Kawu ya ƙara wuta. Sai da muka ɗauki hanyar Banga ya tsaya a wata makarantar ƙauye. Farin hijabi, suna Zainabu Musa. Ban yi wa Zainabu ɗingishi ba. Ba ni da sauran sha'awa.

Motar kwamiti ta tsaya, sai na ga mutum uku sun fito. Ta ukun wata gajeriyar dattijuwa ce da jaka a hammata, tana tafiya kamar ƙasar tata ce. Daga baya na ji sunanta Hajiya Kulu, tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya. Zargin Mai Jar Hula ne ya hana shi sukuni, ya je ya ɗauko macen da za ta iya riƙe hannun mata. Ta taga na hango Kawu. Yana ganin Hajiya ya tuna tayarsa na bukatar iska, ya ja mota da ƙunshin kayana a ciki.

Hajiya ta sa aka ajiye mata kujera a bakin ƙofa. Kowace yarinya ta zo sai ta ce, “Kawo biyun.” 'Yan garin suka wuce lafiya. Jummai ce a gabana. Hajiya ta juya hannayenta, ta shinshina na hagu, ta nuna mata jikin bango. Ni ma haka. Kafin a jima mu shida mun jeru kamar kayan da aka kama a iyaka.

“Malam hedimasta, bikin wa anka yi garin ga?”

“Babu biki, Hajiya.”

“To wace cuta ce ke kama hannun hagu kaɗai?”

Hedimasta ya ce wataƙila sabon yayi ne. Hajiya ta ce ta shekara sittin tana ƙunshi, ko mai takaba ba ta taɓa gani da irinsa ba, ko dai a yi biyu ko a bari. Ta ce wannan aikin namiji ne, kuma marowaci. Sai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonta ya tsaya a kaina.

“Ke mai idon ga. Mi sunanki?”

Hedimasta ya kafe ni da ido ta bayanta. Na yi lissafi da sauri. Hajiya ta Mai Jar Hula ce, Mai Jar Hula na waɗanda suka hana mu kwano ne. In na faɗi gaskiya, shi zai ci riba, ni a mayar da ni turmin gyaɗa. In na yi ƙarya, azahar na yi za a karɓe hijabi, in koma turmin dai. Duk hanyoyin turmi suka nufa. Na ga gara in je can da bakina a buɗe.

“Hajiya, in na hwaɗi gaskiya, wa zai ci ribarta?”

Ta ɗan yi murmushi. “Hwaɗi tukuna mu ga ko tana da riba.”

Na faɗa. Na ce sunana Lubabatu, na yi Hauwa'u, na yi Maryam, yau ina Zainabu. Na ba da labarin jarka da albasa da gulbi, na ce mun tura mota tun daga Shinkafi har Zurmi a kafaɗa, kuraye na bin mu.

“Rage gishiri,” in ji Hajiya.

Na cire kurayen.

Mai Jar Hula kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya juya ga Mai Tabarau. “Ka ji ko? Yaran bogi. Tun yaushe nike hwaɗi? A kansu ake yanke mana kuɗi.”

“Ni ba ta bogi ba ce, Alhaji,” na ce. “'Yar aji shida ce. Iska ta ɗauke rufinmu, hedimastanmu ya je sakatariya kunka ce ba ku da kwano. Da an rufe ajin, mi zai kawo ni nan?”

Mai Tabarau da ya riga ya lanƙwashe sai ya miƙe kamar an zuba wa alayyafo ruwa. “Ka ji ko? Yara na yawo a titi, ku kuna yankan rasit.”

“Ku ma ya je wurinku, Malam,” na ce masa. “Kunka ce ya koma.”

Suka haɗu suka harare ni. Wannan ne karo na farko da na ga sun yarda da juna a kan wani abu. Daga nan suka koma kan juna, wannan ya ce kaso, wancan ya ce haraji, wannan ya ce albashi, wancan ya ce gini. Hajiya ta bar su sai da suka gaji, sannan ta miƙo mini alli. Ta ba ni lissafin rabawa mai tsawo a allo, ta ba ni littafin Turanci na karanta shafi guda. Na yi kuskure ɗaya, na gyara kafin ta yi magana. Ta ce a kawo rajista.

“Wagga Zainabu Musa, ina take?”

“Ta yi tafiya, Hajiya,” in ji hedimasta.

“Wa ya taɓa ganin ta cikin ku?” ta tambayi 'yan aji.

Babu wanda ya motsa. Zainabu ta yi tafiya tun kafin a haife ta.

Hajiya ta ɗora rajistar a cinya. Ta ce wa Mai Tabarau, “Kai ka ce akwai yarinya a wagga kujera. Ga yarinya.” Ta ce wa Mai Jar Hula, “Kai ka ce ba ka biya wa fatalwa. Wagga tana cin tuwo, har da surutu. A soke wadda babu, a sa wadda akwai, ku sa hannu ku biyu. Sauran rigimarku ku kai ta sama.”

Mai Jar Hula ya ce wannan zai ƙara musu nauyi. Hajiya ta ce nauyin da yake ɗauke da shi tun bara ne, yau dai ya ga fuskarsa. Mai Tabarau ya ce ba a soke suna a rajista sai da izini. Hajiya ta tambaye shi izinin wa aka nema da aka rubuta shi. Sai rigimar wanda zai fara sa hannu ta tashi, kowa yana tsoron in ya sa ɗayan ya fasa. Mai Tabarau ya ƙi karɓar biron Mai Jar Hula, sai da aka nemo na wani malami.

Hedimasta ya ɗauki biro zai rubuta ni. Na ce a'a, da hannuna zan rubuta. Mutum uku sun riga sun raɗa mini suna cikin mako biyu, ban ga dalilin ba na huɗu dama ba. Na rubuta Lubabatu da sunan Baba, harafi bayan harafi. Na ce kuma a nuna mini takardar sunayen jarrabawa, domin na koyi cewa rajista daban, aji daban. Hajiya ta yi dariya har jakarta ta faɗi, ta sa aka fito da takardar, na ga an sa ni a ciki, na karanta sau biyu.

Jummai da ɗaya yarinyar ma an sama musu fatalwowinsu. Sauran ukun ba su taɓa riƙe fensir ba, motar kwamiti ce za ta mayar da su gida. Ɗaya daga cikinsu ta riƙe farin hijabin nan gam, ta ce an ce wa innarta kyauta ne. Hedimasta ya miƙa hannu zai karɓa, Hajiya ta dube shi, ya mayar da hannun aljihu.

Hajiya da kanta ta kai ni bayan tashar jirgi. Duk hanya ina jiran in ji abin da za ta nema a wurina, domin ban taɓa ganin alheri ba jarka a bayansa ba sai na Iya da na Bafulatana. Ba ta nemi komai ba. Ta dai ce in rage baki kaɗan, amma kada in rage duka.

Goggo Asabe ta fito tana murna, ta kama hannayena za ta ja ni ciki, sai ta tsaya. Ko gajiyar hanya ba ta tambaye ni ba.

“Wa ya yi miki wanga wulaƙanci?”

“Gwamnati, Goggo.”

Ta aika a sayo lalle.

Bayan kwana uku Kawu Nomau ya zo da ƙunshin kayana da kara biyu na rake. Ya riga ya biya ta gida ya shaida wa Baba cewa ya cika alkawari, ya sama wa ɗiya makaranta, har Baba ya ba shi zakara. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bai yi ƙarya ba. Na karɓi raken, na sa ɗan maƙwabta ya fara sha.

Na rubuta jarrabawa, kullum ina taka hanyar Banga da ƙafa har aka gama, kuma ga ni a sakandare ina rubuta wannan a bayan littafin lissafi. Da na je gida hutu na leƙa tsohon ajinmu. Har yanzu sama ce rufinsa, an ce magana tana gaban kwamiti. Kwanon da iska ta ɗauke kuwa awakin mai gari suna kwana a ƙarƙashinsa, kuma ban ji an ƙirga su ba.

Ni dai tun daga lokacin, duk mai yi mini ƙunshi, ko Inna ce, hannun dama nake fara miƙa mata. Sai na ga ta gama shi nake fito da na hagu.